Goggo da Taswirar Fadama

Ranar da muka fara zaman makokin Goggo, tabarmin gidanmu na Sabon Layi ba su isa ba, sai da muka aro na maƙwabta. Mun san dangi za su zo daga Yola da Maiha, mun san tsofaffin ɗalibanta za su zo. Waɗanda ba mu yi shirinsu ba su ne mutanen fadama. Tun da hantsi suka fara shigowa: matan lambu da laka a dugadugansu, masu su, da Fulanin da ke shayar da shanu a bakin mayo, wato rafin da ya ratsa garinmu. Wata tsohuwa mai noman alayyahu, 'yar Gude ce, ta tsaya a tsakar gida ta ɗora hannu a ka, tana faɗi da irin Hausarta:

"Goggo ya tafi. Goggo ya tafi. Wa zai yi mana faɗa yanzu?"

Matan da ke kuka suka fashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, sannan ta nemi wuri ta zauna ta yi kukanta.

Haka zaman ya kasance har aka yi addu'ar bakwai. Wata hajiya da Goggo ta koyar a makarantar 'yan mata ta ba mu labarin yadda ta kayar da ita a jarrabawa saboda ta zana kogi yana hawa dutse. Wani Bafulatani ya aiko da ƙwaryar kindirmo, ya ce a gaya wa iyalinta cewa ita ce mutum ta farko da ta taɓa tambayarsa sunan hanyar shanunsa. A zaure kuwa, ƙaninta, wato mahaifina, yana amsa gaisuwa da kai kawai. Duk Mubi an san Baba da surutu, amma a kwanakin nan ba a ji muryarsa ba.

Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yana ƙanana, waɗanda za su taso su san ta a hoton bango kawai. A hoton nan ta yi fuskar mutanen kirki masu shiru, alhali Goggo ba ta taɓa yin shiru ba.

Ita ce babbar yayar Baba, ita ta goya shi. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Katsina, kasuwar Mubi ta riƙe su. Allah bai ba Goggo haihuwa ba, don haka da aka yaye ni aka ba ta ni. Tana budurwa ta yi aiki a ofishin safiyo a Yola, tana kwafe taswira da alƙalami mai tsini a kan takarda mai shara-shara. Daga baya ta koma koyar da labarin ƙasa. Mijinta ya rasu a shekarar da aka raba Gongola aka yi Adamawa, sai muka tattaro muka dawo gida Mubi.

A gidan Goggo ba a cewa hagu ko dama. In tana girki sai ta ce, "Miƙo mini gishiri, yana arewa da ke." In ka tsaya kana waige-waige, ta ce, "Kina salla sau biyar a rana, ba ki san gabas ba?" Baƙo ba ya tambayarta hanya ya tsira. Za ta ciro tsinken tsintsiya ta durƙusa ta zana masa garin a ƙasa, da kasuwar shanu, da gada, da duwatsun da ke wajen Kamaru, har ya manta inda za shi. Kuma tana da tambaya ɗaya da ta addabi kowa da ita. Ko me ka kawo mata, labarin aure ne, ko na farashin masara, ko na wanda aka ce ya yi kaza, sai ta kalle ka ta saman tabarau ta ce:

"Kin je kin gani?"

In ba ka je ba, ba ka da labari.

Can ƙasa da unguwarmu, inda mayo ke malala da damina, akwai fadama. Muna yara a can muke tsinko bado. Akwai babban tabki a tsakiya wanda ba ya ƙafewa ko da bazara, ciyawa mai tsayi ta zagaye shi, sai lambuna na rake da albasa da yakuwa a gefe. Balbela da zalɓe ba sa rabuwa da wurin. Da gari ya fara cika, sai tifofi suka fara juye ƙasa a bakinta. Yau a cike lungu ɗaya a yi shago, gobe a cike wani a buga bulo. Ruwan da ya saba kwanciya a can ya rasa wurin zama, ya fara shiga gidajen mutane. Goggo ta yi ritaya a lokacin, kuma kullum in ta dawo daga gaida ƙawayenta na lambu sai ta shigo tana huci.

"Suna cin fadamar nan kamar ɓera da kilishi, ta gefe ta gefe," in ji ta. "In ka yi magana a ce da ma can haka take. Wa zai ƙaryata su? Ba ta a takarda."

Wata rana wata tsohuwar ɗalibarta, wadda ta zama malamar safiyo a wata babbar makaranta a garin, ta zo gaishe ta. Goggo ta yi mata wannan ƙorafi. Malamar ta saurare ta, ta yi sallama ta tafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo da kwamfutar cinya da wata na'ura mai ruwan ɗorawa, girmanta kamar wayar hannu ta dā. GPS ce, in ji ta: in ka tsaya a wuri ka danna, sai ta tambayi taurarin ɗan'adam ta rubuta daidai inda kake a doron ƙasa. Sannan ta buɗe kwamfutar ta nuna wa Goggo hoton Mubi da aka ɗauka daga sama.

Ina wurin. Goggo ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta gano gada, ta bi titi da yatsa, ta gano rufin gidanmu da bishiyar mangwaronmu. Sai ta buga guɗa, irin ta kai amarya, har maƙwabta suka leƙo.

"Ni da na ƙare idona ina kwafe layi da hannu! Ashe ga shi nan duk an ajiye mini a sama!"

Da suka gangara da hoton zuwa fadama, murnar ta ragu. Da rani aka ɗauke shi. Tabkin ya yi ɗan mitsitsi, sauran wurin duk ya yi kama da fili busasshe mai jiran magini. Malamar ta ce hoton ba zai wadatar ba, sai an bi bakin ruwan da ƙafa a lokacin da ya cika, ana danna na'urar, sannan a ɗora abin da aka samu a kan hoton. Ta ce za ta turo ɗalibanta.

"Turo su," in ji Goggo. "Amma bar mini wannan abar."

Tana da shekara sittin da ɗoriya ta koyi kwamfuta. Da yatsa ɗaya take dannawa, tana yi wa na'urar magana kamar 'yar riƙo. GPS ɗin kuwa ta raɗa mata suna 'Yar Rakiya. Ta sayi dogon takalmin roba irin na masu aikin kwata, ta riƙa sa shi a ƙarƙashin zane, ga mayafi, ga laima, ga 'Yar Rakiya rataye a wuya. A watan Agusta, lokacin da kowa ke gudun fadama, ita da ɗaliban suke kutsawa. Ni ina aure a lokacin, ina koyarwa a firamare, amma ranar Asabar nakan bi ta. Na ga ranar da laka ta riƙe mata takalmi ɗaya, ta fito da ƙafa tsirara tana ɗaga na'urar sama tana ihu, "Ku bar ni, ku ceci 'Yar Rakiya!" Matan lambu suka yi ta dariya har wata ta zauna a cikin ruwa.

Ba bakin ruwa kaɗai ta auna ba. Malamar ta koya mata yadda ake jera taswira hawa-hawa a kwamfuta, kamar zannuwa a akwati: wannan na ruwa, wannan na lambuna, wannan na burtalin shanu, wannan na wuraren da aka cike. Goggo ta ƙara nata hawan, na sunaye. Kowane ƙaramin tabki sai ta tambayi sunansa da Fulatanci, da Gude, da Kamwe, da Hausa, ta rubuta duka. Wani lokacin sunayen ba sa jituwa, wannan ya ce Tabkin Kada, wancan ya ce bai taɓa ganin kada a wurin ba. Sai ta zauna a kan kunya ta bar su su yi ta gardama, tana tauna rake, tana jin daɗi.

A nan rigimarta da Baba ta taso. Baba ɗan kasuwar siminti ne, kuma ya sayi fili a bakin fadamar don ya gina shaguna. Da aka haɗa taswirar, wuraren da aka cike ko ake shirin cikewa an yi musu ja. Filin Baba na cikinsu. Ya zo gidanta da kansa.

"Yaya, ki cire nawa. Gefe ne, ba tsakiya ba."

"Auta, ruwa na kwana a wurin. Na tsaya a ciki har gwiwa."

"Ki daina ce mini Auta, ina da jikoki. Kuma wa zai sani in kin cire?"

"Ni. Da ruwan."

Aka buga taswirar a babbar takarda, aka kai ƙofar gidan Jauro, mai unguwarmu, ranar da jami'in filaye na ƙaramar hukuma ya zo. Mutane suka yi cincirindo, kowa na neman lambunsa ko shagonsa. Goggo ta yi bayani da sandar rake a hannu. Wani mai buga bulo ya ce ai tsohuwar nan masu ƙaramin ƙarfi kawai take bi. Ba ta yi musu da shi ba, sai ta ɗora sandar a kan wani jan murabba'i.

"Wannan na ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga shi can zaune da babbar riga. Auta, ɗaga hannu su gan ka."

Wurin ya kaure da dariya. Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Damina guda bai taka gidanta ba. In sun haɗu a suna ko jana'iza, ya gaishe ta a tsaye da gefen baki. Abin ya dame ta, ni na sani, domin takan tambaye ni ko tarinsa ya lafa, sannan ta ce kada in ce ta tambaya.

Baba bai fasa ba. Ya sa aka haƙa harsashin gini. Ruwan sama ya sauko, mayo ya yi ambaliya, ramukan suka cika suka haɗe da tabki. Da ruwan ya janye, sai ga tarwaɗa sun maƙale a ciki suna ta wutsil-wutsil. Goggo ta sa takalminta ta ɗauki kwando. Da la'asar ta ba ni kwanon farfesu mai zafi, ta ce in kai masa in ce amfanin gonarsa ne.

Na kai ina fargaba. Baba ya buɗe kwanon, ya ji saƙon. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya ƙware, ya cinye farfesun tas, ya ce, "Ki ce mata yaji ya yi yawa." Bai je ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Amma ginin bai ƙara tashi ba.

Ba duka Goggo ta ci nasara ba. Abin da aka riga aka gina ya zauna. Abin da aka amince a kai a gaban Jauro shi ne tsakiyar fadamar, babban tabki da ciyawarsa da burtali, ba za a ƙara cikewa ko nomawa ba, aka kafa turakun siminti a inda 'Yar Rakiya ta nuna. Wannan ma ya zo da ciwo. Lambun tsohuwar nan 'yar Gude ya faɗa cikin iyakar. Mijinta ya rasu, da lambun take ciyar da jikoki. Ta zo ta zauna a ƙofar ɗakin Goggo, ba ta yi zagi ba, ta ce kawai, "Taswirarka ya ci gonana." Goggo ta yini ba ta ci abinci ba. Washegari ta kama hannunta ta kai ta lambun da ta gada daga kakarmu, wanda ke wajen iyakar, ta ce ta noma shi muddin ranta. Ba kyauta ba ce, in ji ta, haya ce: kowace Juma'a ɗaurin alayyahu ɗaya. Kuma ta riƙa karɓa, tana juya shi tana cewa ya yi tsufa.

Sai shekarar gudu ta zo. A ƙarshen daminar 2014 masu tayar da ƙayar baya suka shigo Mubi, gari ya watse da rana tsaka. Ba zan faɗi duk abin da muka gani ba. Mun bi ta Maiha da ƙafa, muka nufi Belel don mu tsallaka Kamaru. Goggo ta baro kwamfutarta, amma 'Yar Rakiya na ɗaure a bakin zanenta. Baba ne ya lura. Ya ja ta gefe ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, in aka kama ki da wannan a shingen bincike, ba wanda zai tsaya jin labarin fadama. Za a ce leƙen asiri kike yi, ko sojoji ne suka kama ki ko waɗancan. Duk za mu tafi."

Na jira gardama. Ta kalle shi, ta kalli jikokinsa, ta kwance bakin zanen ta miƙa masa. Ya cire batir ɗin, ya tura ta ƙarƙashin wani dutse. A rayuwata wannan ne kaɗai karon da na ga Goggo ta bi maganar wani ba tare da ta ce uffan ba. Da muka iso wani rafi ƙafafunta sun kumbura, ta kasa shiga. Baba ya tuɓe babbar riga ya durƙusa. Ta hau bayansa. Suna tsakiyar ruwa, mutane na kuka ta ko'ina, na ji ta ce masa:

"A hankali, Auta. Ni da na goya ka ban yi ta girgiza ka haka ba."

Ya ce, "Lokacin ban kai nauyinki ba."

Wata mata da ba mu sani ba, da jariri a baya, ta yi dariya tana hawaye.

Ta Kamaru muka zagayo Yola, muka zauna gidan dangi har gari ya lafa. Da muka dawo, an fasa ɗakin Goggo, ba kwamfuta, babbar takardar kuma an yi shimfiɗa da ita ta lalace. A fadama wasu sun riga mu dawowa, sun tumɓuke turaku, suna cewa ai yanzu ba wanda ya san iyaka. Goggo ta kwanta kwana biyu ba ta leƙa waje ba. Sai malamar ta dawo ita ma, ta zo ta ɗauke ta a Keke Napep zuwa wani shagon intanet da aka sake buɗewa, janareta na ƙugi a ƙofa. Tun kafin gudu takan aika wa kanta da Goggo kwafin aikin ta imel. Ta buɗe, ga taswirar nan ta fito, hawa-hawa, da ja da shuɗi, da sunayen tabkuna cikin harsuna huɗu.

Goggo ta miƙe tsaye a cikin shagon, a gaban samari masu neman aiki, ta taka rawa.

"Ɓarayi sun ɗauki akwati, kayan na sama!"

Da wayar malamar aka sake gano inda kowane turke yake, domin wayoyin zamani sun fara yin aikin 'Yar Rakiya. Wannan karon Baba ne ya ba da siminti, kuma shi ya tsaya a kan masu aikin yana musu tsawa kamar shi ya ƙirƙiro abin. Matan da mazansu ba su dawo ba, da waɗanda aka so a matse musu lambu, suka riƙa zuwa da ƙorafi. Goggo ta zauna a gindin mangwaro da sabuwar takarda a cinya tana nuna wa kowa nasa, in ya cancanta ta haɗa masa da faɗa.

A daminar bana ƙafa ta gaza. Likita ya ce zuciya ce. Ta daina fita, amma ba ta daina tambaya ba. Ranar da za ta bar mu an kwana biyu ana ruwa, Baba na zaune kusa da gadonta yana jan carbi. Ta buɗe ido ta ce ko tabki ya cika.

"Ya cika, Yaya. An ce ya kai gindin ɗorawa."

Ta yi masa kallon nan nata na "ka je ka gani?" Baba ya ajiye carbin ya fita.

Ya daɗe. Da ya dawo, wandonsa a jiƙe yake har cinya, gindin farar shaddarsa ya koma ruwan ƙasa, takalmi ɗaya a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na ɗiga a kan dardumarta.

"Bai kai ɗorawa ba, saura kaɗan," in ji shi. "Turakun duk suna nan. Bado ya rufe gabas da tabkin. Kuma na ga wasu agwagin ruwa da 'ya'yansu, ban san sunansu ba."

"Kirinjijiya," in ji ta. Ta dubi shaddar, ta fara dariya, ƙarama, wadda ƙarfinta ya ba ta. "Da babbar riga ka shiga, Auta?"

"Da ita na shiga."

"Madalla. Zo ka zauna, kana jiƙa mini ɗaki."

Ya zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen wandonsa, ya riƙe hannunta. Bayan azahar, da kalmar shahada a bakinta, Allah Ya karɓi abinSa.

Ya Allah, baiwarKa ce, ta yi tafiya mai yawa a cikin laka don ruwan da Ka saukar ya sami makwanci. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka saukar da ita a lambunan da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsu. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.